Wuƙar Dala 40

Fasfon Ummi aka shiga nema, aka tono ni.

Ina wurin aiki Maman Ummi ta kira ni, ta ce ta birkice gidan nan kaf ba ta ga fasfon yarinyar ba, ko yana cikin durowar nan ta ƙasa da nake kullewa? Na ce a'a, takardun haraji ne kawai a ciki. Ta ce to, ai ta riga ta buɗe. Sai layin ya yi tsit, irin tsit ɗin gidan biki idan an ɗauke wuta.

Da na dawo na tarar ta shimfiɗa tawul a kan teburin cin abinci, ta jera su sahu-sahu kamar kayan da 'yan sanda ke baje wa 'yan jarida. Wuƙaƙen aljihu ne masu naɗewa, guda 23. Ni kaina ban san sun kai haka ba. A raina kullum goma sha wani abu ne.

"Abban Ummi," ta ce, "fawa za ka fara ne, ko wani ka yi wa laifi a garin nan ban sani ba?"

Bari in koma baya kaɗan. Muna zaune a gefen birnin Atlanta na jihar Jojiya, kuma a nan ne duk watan Yuni ake yin Blade Show, babban baje kolin wuƙaƙe. Wani Bature abokin aikina ne ya ja ni can wata shekara. Na tafi ina dariya a zuci: manyan mutane da furfura, sun biya kuɗin shiga don su kalli wuƙa! A wani tebur ya ɗora min wata a tafin hannu, ya ce in tura ɗan maɓallin nan da babban yatsa. Na tura. Ruwan wuƙar ya zamo a hankali kamar ana buɗe ƙofar banki, sannan ya ce "tak". Wannan "tak" ɗin ce ta ci ni. Har yau ban gama biyan kuɗinta ba.

Sebenza sunanta. Wani maƙeri ɗan Durban ta Afirka ta Kudu, Chris Reeve, shi ya ƙirƙiro ta. Ya koma Boise ta jihar Idaho a 1989, a can ake ƙera ta. Mariƙinta falle biyu ne na titaniyom, an tsaga gefe ɗaya ya zama sakata, ta yadda in ka buɗe wuƙar sai tsagin ya faɗa bayan ruwanta ya tokare shi. Babu ado, babu ƙyalli, toka-toka ce kamar tsohuwar tukunya. Tana zuwa a kwali da ƙyallen goge ta, da ɗan man shafa mata, da ɗan ƙarfen kwance ta, da wani kati mai ɗauke da ranar da aka ƙera ta, wanda 'yan harkar ke kira katin haihuwa. Ni da nake magana, takardar rantsuwar shekaru gare ni, ita ma wani kawuna ne ya yi kirdado. Wuƙata ta fi ni asali.

Dala 450 na biya. Ma'anar sunan kuwa a harshen Zulu ita ce aiki. Shekara shida tana hannuna, ko zaren riga ba ta taɓa yankewa ba.

Ranar da na kawo ta gida Maman Ummi ta tambayi kuɗinta. Bakina ya riga ni, na ce dala 40. Ta ce kai, da tsada. Daga ranar, duk wuƙar da idonta ya taɓa faɗawa kanta, dala 40 ce. Farashi bai taɓa tsayawa cak a duniya ba kamar yadda ya tsaya a gidanmu.

To, yau ga ta tsaye a kan tawul da wayarta tana buga lissafi. Ta ɗago a fusace.

"Dala 920! A wuƙa! Abban Ummi, ka ji tsoron Allah."

Na sunkuyar da kai, na yi fuskar wanda ya yi nadama, a zuci kuwa hamdala nake yi. Hukuncin da ta yanke: guda 3 za su rage. Kuma kafin Baba ya iso. Baba mahaifinta ne, zai zo daga Kano ya yi Babbar Sallah da mu, saura mako shida.

Na ce ai abu ne mai sauƙi. Gasa zan shirya musu kamar dambe, bibbiyu, wadda ta sha ƙasa ta fita. Bayan kowa ya yi barci na zauna da takarda da biro, na zama alƙalin wasa.

Karon farko: Buck 110 da Bugout ta kamfanin Benchmade. Buck ɗin tsohuwar zuma ce, tun 1964 take kasuwa, katako da tagulla, nauyinta wajen giram 200. In ka saka ta a aljihun wando sai ka riƙa tafiya a karkace kamar motar da ta yi faci. Bugout kuwa ba ta wuce giram 50 da 'yan kai ba, sai ka manta tana jikinka. Wa zai ci? Na ce ita Buck tarihi ce, ba a zubar da tarihi. Ita Bugout zamani ce, ba a gudun zamani. Canjaras.

Karo na biyu: Paramilitary 2 ta Spyderco da wata 'yar Italiya. Spyderco su ne mutanen Golden ta jihar Kolorado masu huda zagayayyen rami a ruwan wuƙa don babban yatsa ya samu wurin turawa. A 1981 suka fito da wuƙarsu ta farko mai wannan rami da ɗan maƙalin aljihu, kuma, ikon Allah, su ma sunan ma'aikaciya suka raɗa mata. Maƙeran nan dai sun yi iyakar ƙoƙarinsu su gaya mana abin da ake yi da wuƙa, mu ne muka toshe kunne. 'Yar Italiyar ta faɗi. Na ajiye ta gefe. Bayan minti goma na ga yadda fitila ke haska mariƙinta, sai ta ɗaukaka ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara, wato ni, ta soke hukuncin kotun ƙasa, wato ni, bisa dalilin cewa alƙali yana jin barci.

Na canja dabara, na ce a bi ta ƙarfe. A nan ne haukan harkar nan yake. Akwai ƙarfen da ake kira S30V, wanda kamfanin Crucible na Syracuse ya fitar a 2001 da hannun shi Chris Reeve ɗin a ciki. Aka ce an zo ƙarshen ƙarfe. A 2009 aka ɗan ƙara masa wani sinadari, ya zama S35VN, sai masu na farko suka fara jin kunyar fito da nasu. A 2021 wani masanin ƙarafa, Larrin Thomas, ya zo da MagnaCut, mai wuyar tsatsa da wuyar giɓi, sai kowa ya sake zama ɗan ƙauye. Abin da ake nema a ƙarfen wuƙa uku ne: ya riƙe kaifi, kada ya ɓalle, kada ya yi tsatsa, kuma yawanci in ka ja ɗaya sai ɗaya ya noƙe. Wannan ilimi ne na gaske, kuma ina iya kwana ina bayaninsa. Matsalar ita ce duk wuƙaƙen nan nawa, ƙarfensu bai taɓa haɗuwa da abin da ya fi takardar jarida tauri ba. Kwalin saƙo in ya zo, da makullin mota nake farke shi, don kada gam ɗin salatif ya ɓata min ruwan wuƙa.

Takardar jarida da gashin hannuna. Don haka ake gwada kaifi a harkarmu: ka yanka takarda a iska, sannan ka aske ɗan wuri a damtse. Wuƙa 23, dare bayan dare. Kafin mako biyu hannuna na hagu ya yi sumul kamar na jariri, na dama kuwa yana nan da jejinsa. A masallacin Juma'a, wajen alwala, wani dattijo ɗan Senegal ya daɗe yana kallon hannayena biyu, sannan ya dafa kafaɗata ya yi min addu'ar samun lafiya.

Da gasa ta gagara sai na koma sayarwa. Ashe sayen wuƙa ne mai sauƙi. Mai saye zai ce ka turo hoton ruwanta a naɗe, ya ga ko yana tsakiyar mariƙi daidai ko ya karkata da kaurin gashi. Yana girgiɗi in an buɗe? Sakata tana maƙalewa? An taɓa wasa ta? Kwali yana nan? An taɓa saka ta a aljihu, ko sarauniyar akwati ce? Haka suke kiran wadda ba ta taɓa ganin rana ba, kuma duk nawa 'yan gidan sarautar nan ne. Wani muka haɗu a wurin ajiye motoci na wani kanti, ya fito da tabarau mai ƙara girman abu da 'yar tocila, ya gano wani ƙarce a titaniyom wanda ko ni ban san da shi ba. Sawun dodon koɗi suke ce wa irinsa. Ya ce a rage dala 60. Binciken da aka yi min lokacin neman aure bai kai wannan ba.

Na sayar da uku. Na huɗun, mutumin ya ce ba shi da kuɗi a hannu amma yana da wasu biyu, ko za mu yi musaya? Ban san lokacin da na ce mu gani ba. Ranar da muka je ɗauko Baba a filin jirgi, lissafi ya tsaya a 21. Uku suna durowa, don idon hukuma. Goma sha takwas suna but ɗin mota, ƙarƙashin safayar taya, a cikin safa.

Baba tsohon ɗan kasuwar fata ne. Shekarunsa sun haura 70, ba ya yawan magana, kuma tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa na ƙoshi ba. Daren jajibirin Sallah, wajen ƙarfe biyu, na lallaɓo falo da Sebenza don in ɗan shafa mata mai, mu gaisa. Na manta agogon jikin Baba har yanzu na Kano ne. Ina cikin "tak", "tak", sai na ji gyaran murya daga kan darduma a lungu.

"Malam, me kake ɗanawa haka da tsakar dare?"

Na durƙusa na miƙa masa da hannu biyu. Ya juya ta. Ya buɗe da hannu biyu, yadda ake buɗe wuƙa tun zamanin iyaye. Bai nemi takarda ba, bai nemi gashin hannu ba. Kaifin ya ɗora a kan farcen babban yatsansa ya ɗan karkata shi, ya ji ya kama. Ya ce yana saurayi ya taɓa mallakar Okapi, mai zobe a baya, ya yi shekaru da ita kafin ta faɗa rijiya. Na san Okapi: a Solingen ta Jamus aka fara ƙera ta a 1902 don kasuwannin Afirka, daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu. Na so in faɗa masa haka, in ja hirar ta yi nisa da abin da ke hannunsa. Ya riga ni.

"Wannan wuƙa ce," ya ce.

Kowane Bahaushe ya san abin da ake cewa idan babba ya yaba kayanka. Kuma kowane Bahaushe ya san amsar da babban ke bayarwa: a'a, riƙe abinka, Allah Ya yi albarka. Tayi ne, kara ce, an yi ta tun kaka da kakanni ba a taɓa asarar ko allura ba.

"Ai taka ce, Baba," na ce.

"To, madalla. Allah Ya yi albarka."

Rabin amsar kawai ya bayar. Ya naɗe ta, ya jefa a aljihun gaban riga, inda goronsa yake da makullan gida. Na ji ƙarar makulli a jikin titaniyom har cikin haƙorina.

Na yi yunƙuri ɗaya, ban ɓoye ba. Na ce, "Baba, sai dai su Turawa suna cewa ba a kyautar wuƙa, wai tana yanke zumunci. Sai dai wanda aka ba ya biya ko da kwabo ne." Nufina ya ce subhanallahi, karɓi abarka. Ya ce wannan camfi ne, Musulmi ba ya camfi. Ya ɗan yi shiru. Sannan ya ce amma tunda ƙasarsu muke, ya laluba aljihu ya ciro sulalla ɗaya ta santi 25 da ya tsinta a filin jirgi, ya ɗora min a tafin hannu. Ciniki ya faɗa. Ko mai tabarau bai yi min wannan ragin ba.

Da safe bayan Idi muka tafi wata gona a bayan gari inda Musulmin yankin ke zuwa yanka. Mai gonar yana da manyan wuƙaƙensa na yanka, da su aka yanka ragon. Da aka zo fiɗa, aka miƙo wa Baba wata, ya gwada a farce, ya mayar. Ya naɗe hannun riga, ya sa hannu a aljihu. Nan fa na ga abin da ake nufi da wuƙa da nama a hannun mutum ɗaya.

Gaskiya, ban taɓa ganin fiɗa irin wannan ba. Ya tsaga fatar daga ƙafa, yana tura dunƙulen hannu tsakanin fata da nama, wuƙar tana bi a baya kaɗan-kaɗan, sai inda ta kama dole. Fatar ta fita ɗungurungum kamar an tuɓe riga, babu huji ko ɗaya. 'Yan Pakistan da 'yan Somaliya suka bar nasu suka zagaye shi da wayoyi. Ni kuwa idona yana kan wuri ɗaya. Jini ya shiga mahaɗarta. Kitse ya cika tsagin sakata. Ya sa tsininta a gaɓar gwiwa ya murɗa, na ji kamar tawa gwiwar ce. Da ya zo haƙarƙari ya ji ta ɗan ja baya, sai ya waiga, ya hango wani bulon siminti a jikin shinge.

"Baba, akwai dutsen washi a gida," na ce. Akwai kuwa, na Japan, kala uku, ana jiƙa su a ruwa kafin a taɓa.

"Wannan ma dutse ne."

Ya tofa ɗan yawu a bulon. Ƙarar da ta biyo baya, ƙyar, ƙyar, ƙyar, ina jin ta har yanzu in dare ya yi. Ya ɗago ya ce ƙarfen nan da taurin kai yake, amma in ya ji magana yana riƙewa. Abin haushin shi ne, duk karatun da na yi a kan S35VN, ƙarfen wuƙar nan, wannan ne taƙaitaccen bayaninsa mafi daidai da na taɓa ji.

Wani ɗan Pakistan ya tambaye ni ko ba ni da lafiya ne, ya ga ina gumi. Na ce jini ne ba na son gani. Ya kalli hannuna na hagu, ya gyaɗa kai da tausayi.

Baba ya yi mako uku. Da ita ya yanka goro, ya gyara farce, ya feƙe asuwaki, ya ɗaure sukurun tabaransa da ya kwance, ya ɓalle murfin gwangwanin madara. Ya samo wata tsohuwar igiyar takalmi ya ɗaura mata. Ranar tafiya ni da kaina na naɗe ta a cikin hula na saka a babban akwati, don ba a shiga jirgi da wuƙa a jakar hannu. Na so in haɗa masa da katin haihuwar. Ya karanta, ya ce yarinya ce ma ashe, ya mayar min.

Na ɗauka an gama. Saura 20, na ce a bar ni in yi makoki.

Bayan wata guda, ranar Lahadi, Maman Ummi ta miƙo min waya, ta ce Baba ne a bidiyo. Ga shi a ƙofar gida bayan La'asar, kan tabarma, 'yan majalisarsa sun kewaye shi, kowa yana leƙo fuska. Bayan gaisuwa ya ɗaga Sebenza. Mariƙin ya yi duhu da man hannu, ruwan ya yi zane-zane kamar bayan tsohuwar tasa.

"Malam, wuƙar nan ta yi farin jini. Na tambayi 'yar nan kuɗinta, ta ce min dala 40 kake sayo su."

Na kalli Maman Ummi. Tana yanka albasa da wuƙarta ta kicin mai fasasshen mariƙi, ba ta ɗago ba.

"To, mutum biyar ne suka haɗa kuɗinsu, an canza a Wapa, dala 200 cif. Akwai Liman, akwai Mai Unguwa. Ƙanin 'yar nan zai turo mata. In an samu mai tahowa sai ka ba shi, kada ka wahalar da kanka."

Na ce babu wahala, Baba. Na ce akwai ma wata mai kyau ta Faransa, Opinel, mai mariƙin katako da zobe a wuya, tun 1890 ake yin irinta. Ita ce kaɗai a cikin tarin da ƙaryata ta ɗaga wa daraja, don ko dala 20 ba ta kai ba. Na ɗaga ta a gaban waya. Majalisa ta yi shawara. Liman ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon.

"A'a, ɗana. Irin ta Alhaji muke so. Mai tokar nan, wadda take cewa tak."

Daren nan na fita da tocila na ɗaga safayar taya. Masu mariƙin titaniyom guda biyar ne daidai, kamar an ƙirga. Inkosi, ƙanwar Sebenza, wadda sunanta ke nufin sarki a harshen Zulu, na rubuta mata Mai Unguwa. Shirogorov ta Rasha, wadda kuɗinta ya ninka na Sebenza, mai 'yan ƙwallayen ƙarfe a mahaɗa da ke sa ta rufe kanta in ka karkata hannu, ta faɗa wa Liman. Ina zaune a teburin cin abinci ina naɗe su ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar jarida, Maman Ummi ta zo ta ajiye min shayi. Ta ƙirga su da ido. Ba ta tambayi daga ina biyar suka fito a gidan da aka ce saura biyu ba.

"Baba ya ce 'yan majalisar Asuba ma sun fara tambaya," ta ce. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya a bakin ƙofa. "Kwalayen kuma kada ka haɗa musu da su. Rasit ɗin kowacce yana ciki, a ƙarƙashin ƙyallen."